Shekarar da Aka Kashe Motar Babanku a Hanyar Tsiga

Da sunan Allah nake buɗe baki, kamar yadda na saba. Hadiza, ki rubuta yadda na faɗa. In kin ji na yi shiru, kuka ne, ki jira ni.

Yau zan faɗi yadda babanku ya bar tuƙi, domin na gaji da abin da nake ji. Wasu sun ce man kamfani ya sayar, wasu sun ce siminti ya karkatar, wai ai ba a korar mutum a kan gado da katifa, dole akwai wani abu a ƙasa. Har a bakin ɗayanku na taɓa jin, "Wa ya sani, Inna?" To ni na sani, don ina cikin motar. Babanku bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Kayan ɗakin amarya ne suka raba shi da aikinsa, amaryar kuwa Binta ce, ɗiyar yayana. Abin da ya rufe mini baki shekara da shekaru ke nan. Duk ta inda na ɗauko zancen, a ƙofar gidanmu yake sauka.

Kun san ni 'yar Ƙarfi ce. Mahaifinmu ya rasu ina goye, Yaya Audu ne ya riƙe ni, shi ya ciyar da ni, shi ya ba babanku aurena. Saboda haka a wurin babanku ba wan mata ba ne kawai, suruki ne sosai. Har furfura ta kama su duka biyun, in ya je gaishe shi sai ya tuɓe takalmi daga nesa ya durƙusa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa. A wancan lokacin gingimarin wani Alhaji yake ja a nan Funtua, kuma a zamanin mota tamkar jakin direba ce, inda ya ga dama nan zai tsaya. Mu kuma a Ƙarfi akwai abin da muka taso muka tarar. In kaka ta yi, ana fito da buhunan masara bakin titi, ɗan gari ko surukin gari da ya taho da mota ba kaya ba ya wucewa. Zai tsaya a loda, ya sauke wa mutane a kasuwa. Ba roƙo ba ne, ba wata alfarma ba ce, kamar ka tarar da mutum yana fama da kaya ne ka kama masa ya ɗora a ka. Babanku ya yi wannan shekaru masu yawa. Yana da wani irin hon da yake yi tun daga nesa, mai kama da guɗa, da an ji sai yara su ruga suna cewa ga surukin Audu nan. Ni kuwa in na je gida, sai ka ce matar hakimi ta sauka.

Da Alhajin ya rasu magada suka raba motocin, sai Allah ya ba babanku aiki a wani babban kamfani, mai motocin da ba su ƙirguwa, iri ɗaya, launi ɗaya, suna ɗauko kaya daga kudu zuwa arewa. Mun yi murna ƙwarai. Tirela sabuwa fil, da sanyi a ciki, da ɗan gado bayan kujera. Aka ba shi riga mai tambari da takalmi mai nauyi, albashi duk ƙarshen wata, in ɗayanku ya kwanta akwai asibitin da za a kai shi. A shekarun nan ne muka yi wa gidan nan rufin kwano. Amma aikin yana da abin da ba a gani daga waje. Sai ya yi kwana da kwanaki a layin lodi, yana wanka da ruwan jarka a bayan taya. In ya dawo ƙafafunsa a kumbure, sai na dafa ruwa na gasa masa. Ba a ɗaukar fasinja, ba a ɗora ko ƙullin gishirin wani, ba a tsayawa sai inda aka yarda. Sau da yawa yakan ratsa ta Funtua yana hango kwanar unguwarmu, ba damar ya shigo, sai dai in kai masa tuwo a kula can wurin da tireloli ke tsayawa, mu gaisa a tsaye kamar baƙi. Sannan akwai wata 'yar na'ura da aka ɓoye a jikin motar, suna ce mata tiraka, ita ke gaya wa ofis inda yake, da gudun da yake yi, da inda ya tsaya. Wata rana ya dawo yana dariya yana ba ni labari.

"Rabi, yau cikina ya murɗa a daji, na gangara gefe. Ban gama kwance tazuge ba sai ga waya, wai direba me ka tsaya yi a nan?"

Na ce, "Me ka ce musu?"

"Na ce yaro, abin da kai ma kake yi kullum da safe. Ko shi ma sai na turo muku hotonsa?"

Muka yi ta dariya, amma da ya lafa sai ya ce, "Da ni ke tuƙa mota. Yanzu ni da motar, wani ne a ofis yake tuƙa mu."

Mu a gida mun gane wannan. A Ƙarfi ba wanda ya gane. Abin da suka gani kawai shi ne motar surukin Audu ta ƙara tsawo. Shekarun farko hanyarsa ba ta biyo ta can ba, sai a wata kaka aka mayar da shi kai kaya Katsina, yana dawowa wayam ta Malumfashi. Yaya ya ji labari ya kira shi a waya, ina zaune kusa ina tsince shinkafa. Ya tambayi ranar da zai biyo, babanku ya faɗa masa. Yaya ya ce akwai 'yan buhuna. Na ga babanku ya gyara zama, har ya ɗan rusuna kamar Yayan yana gabansa.

Ya ce, "To, Yaya. Sai dai motar nan ta yanzu, al'amarinta da ɗan wuya."

Yaya ya ce, "Allah ya kawo ka lafiya," ya kashe.

Kun ji inda aka kuskure. Babanku a ganinsa ya ce a'a, iyakar a'ar da bakinsa zai iya furtawa a gaban suruki. Yaya kuma a ganinsa an ce masa to. Ladi matar Yaya ita ta ba ni sauran labarin daga baya. Ranar, wani mai akori-kura ya zo neman lodi, Yaya ya sallame shi a gaban jama'a, ya ce su masu tirela ne. Maƙwabta suka ji, kowa ya fito da nasa, buhuna suka yi tsibi a bakin titi. Da motar ta ɓullo Yaya ya fito har gefen kwalta da babbar riga, ya ɗaga hannu. Babanku ya rage gudu, ya rage, har mutane sun fara cicciɓar buhu. Sai ya saki sitiyari ya haɗa tafin hannuwansa biyu ta gilashi, ya wuce. Ko hon bai yi ba. Ladi ta ce Yaya ya daɗe a tsaye da hannunsa a sama, kamar ya manta da shi.

Duk kaka Yaya yakan aiko mini da buhun sabuwar masara, tun shekarar da na yi aure bai taɓa fashi ba. Wannan shekarar bai zo ba. In na kira, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Da aka yi suna a gidan wata 'yar uwarmu a Ƙarfi na daure na je, tun daga zaure na ji wata ta ɗaga murya.

"A shimfiɗa darduma, ga matar mai jirgin sama!"

Wata ta ce, "Ke dai bari, jirgi ai ba ya sauka a ƙauye."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Waɗannan matan tare muka yi tallan fura da su, yau na rasa inda zan sa idona a cikinsu. Abincin da aka ajiye mini ban iya kai loma ba. Na ce kaina ke ciwo, na hau mota tun kafin a watse.

Da babanku ya sami hutu, ya shiga motar haya ya tafi ba da haƙuri, na bi shi. Yaya yana kan tabarma a ƙofar gida da mutane. Babanku ya durƙusa, ya yi bayanin tiraka, ya yi bayanin doka. Yaya yana kallon wani wuri yana jan carbi.

Can ya ce, "Yanzu mota ce take da ido, ko kai ne ka daina ganinmu?"

Babanku ya ce, "Wallahi Yaya ba haka ba ne."

"To. Binta za ta tare a Tsiga in an gama sussuka. A gaban mutane ka wuce ni. A gaban mutane nake so ka tsaya. Motarka za ta kai kayan ɗakinta."

Na sa baki daga bakin zaure na ce, "Yaya, ko a ɗauko akori-kura biyu, Malam ya ɗauki nauyi?"

Ya juyo ya dube ni, kallon da yake mini ina yarinya in na fasa tulu. Ya ce, "Rabi, an ce miki mota na rasa?"

A hanyar dawowa na roƙi babanku kada ya yi. Na ce ya bar ni in koma in yi ta kuka a gaban Yaya har ya huce. Ya ce ba kukana Yaya yake so ba. Ya ce wannan mutumin ya ba shi mata lokacin da ba shi da komai sai lasisi da riga biyu, bai tambaye shi gona ba, bai tambaye shi asali ba, yau ga shi yara na yi masa dariya a garinsu saboda shi. Ya ce ratsen ba nisa, kafin ofis su gama surutu ya dawo kan titi, iyaka su yi masa faɗa su dakatar da shi kwana biyu. Haka ya ɗauka, haka ya gaya mini. Shekarunsa a kamfanin bai taɓa karya doka ba, saboda haka bai san iyakar abin da na'urar nan ke iyawa ba.

Ranar kai kaya na riga shi isa Ƙarfi. Bayan azahar muka ji hon ɗin nan na da, mai kama da guɗa, tun daga nesa. Na yi waje da sauri. Gari ya fito. Yaya ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon, motar ta zo ta yi ajiyar zuciya a gabansa, babanku ya sauko da rigar kamfani ya durƙusa a kan tsakuwa. Yaya ya ce, "Sannu da hanya, Malam Direba," da ƙarfi yadda kowa zai ji. Samari suka loda gado da katifa da kabad mai madubi, kujeru, tukwane, kwanuka, da buhunan gara, aka ɗaure da igiya. Duk kayan ko rabin bodin ba su ci ba. Aka kawo tsani, 'yan jere suka hau da ankonsu, suka zauna a kan katifa da buhuna. Ni aka ce in shiga gaba. Tun da aka kawo ni gidan babanku ban taɓa zama kusa da shi yana tuƙi ba sai ranar. Sanyi yana busa ni, ina hango kan rufin gidaje, matan da suka ce mini matar mai jirgi suna leƙowa suna cewa, "Yaya Rabi, a ce wa Malam ya bi da mu a hankali." Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ina tuna daɗin nan yanzu sai in ji kamar in nutse.

Ba mu yi nisa ba waya ta fara ƙara. Ya kifa ta a kan cinyarsa. Ta yi shiru, ta sake. A baya ana ta guɗa ana kaɗa ƙwarya. Da muka zo Bakori ya bar babban titi ya kama hanyar Tsiga, sai ƙarar ta ƙi tsayawa. Ya ɗauka. Ban ji abin da ake faɗa ba, na dai ji ya ce, "Ina sane. Ku yi mini haƙuri, saura kaɗan, yanzu zan juyo." Ya saurara, ya sake cewa, "Don Allah, akwai mata a sama." Sai ya ajiye. Gaba kaɗan akwai wata 'yar ƙaramar gada inda hanya ta tsuke, kusa da wani fili da ake sussukar dawa. Ya taka birki ya rage gudu don ya haye a hankali. Kan motar na hawa gadar, sai injin ya ɗauke ɗif. Sanyin ma ya tsaya. Ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa. Sai ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

Na ce, "Malam, lalacewa ta yi?"

Ya ce, "Kashe ta aka yi."

"Wa ya kashe ta? Ga makulli a hannunka."

"Su, Rabi. Daga can."

A baya ba su sani ba, guɗa ta ci gaba har wani ɗan lokaci. Wannan guɗar har yau tana kunnena. Motar ta toshe hanya gaba da baya. Babura da bas-bas suka taru, masu sussuka suka ajiye sanduna suka zo kallo. Wani ya ce, "Direba, mai ya ƙare ne? A yi karo-karo!" Wani ya ce a tura, samari kuwa suka jeru a bayan tirela suna nishi, jama'a na faɗuwa don dariya. Rana ta buɗe a kan matan. Da suka nemi sauka sai aka tuna an bar tsani a Ƙarfi. Haka aka riƙa sauko da matan aure ɗaya bayan ɗaya, suna taka taya, suna riƙe zani da hannu ɗaya, a gaban maza baƙi. Ladi ta zame, ɗankwalinta ya faɗa cikin rafi. Ba wadda ta ce mini komai. Da sun zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Wajen la'asar sai ga ƙaramar motar kamfani daga Funtua, da wani direba, da mai kula da direbobin yankin, Oga Sande. Iyayensa mutanen kudu ne masu sayar da kayan gyaran mota, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Babanku ya san shi tun yana rarrafe a shagon ubansa. Ya zo ya rusuna.

Ya ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Babanku ya ce, "Da na gaya maka me za ka ce?"

"Da na ce a'a."

"To ka gani."

Oga Sande ya ce daga sama aka ba da umarni, ba shi da iko, an ce ya karɓi makulli da katin aiki da riga. Sai ya rage murya ya ce rigar a bari sai gobe, ba wanda zai sani. Babanku ya ce a'a, tun da an ce a karɓa, ba zai sa yaro ya yi ƙarya saboda shi ba. Ya ɓalle maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ninke rigar, ya miƙa da hannu biyu. Ya tsaya a tsakiyar titi daga shi sai singileti, dattijo mai furfura. Daidai lokacin Yaya ya iso a bayan babur, da babbar riga da 'yar ciki. Ya sauka, ya dubi motar, ya dubi matan a gindin bishiya, ya dubi babanku. Na zuba masa ido. Na ce a raina yanzu zai tuɓe ta saman nan ya yafa masa. Sai ya juya baya ya ce, "A nemo amalanke." Wani tsoho daga cikin masu sussuka, wanda ba mu san ko sunansa ba, shi ya ciro rigarsa da ya rataye a reshe, duk ƙaiƙayi, ya ce, "Ungo, bawan Allah." Baƙo ne ya rufa wa mijina asiri, ɗan uwana na jini yana tsaye. Hadiza, dakata.

To. A kan amalanken shanu kayan Binta suka shiga Tsiga, madubin kabad ya fashe a hanya, dangin ango suka daɗe suna ce mata amaryar amalanke. Ana gama saukewa aka buga waya, motar ta tashi da murɗawa ɗaya, wani ya ja ta ya tafi. Babanku ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Ba wani babban kamfani da ya sake ɗaukarsa, don suna sanar da juna, ga kuma shekaru. Ya ɗan ja akori-kurar wani, ya bari. Daga baya sai zama a rumfar mai faci a bakin titi, in tirela ta wuce ya ce wannan direban yana wahalar da giya. Hawan jini ya shigo, sauran kun sani. Amma ga abin da ba ku sani ba. A makon nan da abin ya faru, sai ga buhun masara daga Ƙarfi, har biyu, ba saƙo ba gaisuwa. Na ce wallahi ba za a tuƙa ta a gidan nan ba, kaji ma ba zan ba su ba. Babanku ya ce, "Ki kai inji, Rabi. Maganar da bakinsa ya kasa ce ya aiko." Na tuƙa ina hawaye, ya zauna ya cinye har da neman ƙari. Bai taɓa faɗin mummunar kalma a kan Yaya ba, bai kuma bari an faɗa a gabansa ba. Duk salla sai ya hau motar haya ya je ya durƙusa masa, har shekarar da ƙafa ta ƙi. Ni ce na kasa. Tun daga ranar gadar nan ban sake taka Ƙarfi ba. In tafiya ta kama ni ta hanyar, da mun doshi garin sai in ja mayafi in rufe fuska. Da babanku ya rasu Yaya ya zo, ya zauna a ƙofar gidan nan yana kuka kamar yaro, aka ce in fito, na ce ina takaba, alhali ba abin da ya hana ni gaisawa da yayana sai kunyar da ban san ko tawa ce ko tasa ba.

Yanzu ga shi ya kwanta, idonsa ya tafi, ya aiko yana son jin muryata da taku. Na ji kun haɗa baki kun ce ba mai zuwa, wai shi ya kashe muku uba. Ni ban isa in ce ba ku da hujja ba. Amma babanku sitiyarinsa ya bayar, da rigar jikinsa, don kada hanyar nan ta toshe tsakanin gidan nan da wancan. In muka bar ta ta toshe, ku da fushinku, ni da kunyata, to a banza ya tsaya a titi da singileti.

Ranar Juma'a ku nemo mota, ta haya, wadda ba wanda zai kira direbanta a waya. Zan zauna a gaba, ba zan rufe fuska ba. In mun doshi wurin da ake tara buhuna, ku ce masa ya yi hon tun daga nesa, sannan ya tsaya.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Rufe nan, Hadiza, ki ba ni ruwa.